Farantin Masar Babanki

Ƙofar Wambai, Bauchi.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin huta gajiyar hanya, kin kuma fara sabawa da zafin Yola, wanda kowa ke ba ni labarinsa kamar ni ce na tura ki can. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk marar lafiyar da kika taɓa.

Za ki ga takardar cikin bargon da kika manta, tare da yaji da kuka da ɗan dambun nama. Na san za ki ce, "Mama, ga waya, mene ne na rubutu?" To, ni da ke ba ma iya magana a waya. Kafin in kai tsakiyar zance kin riga kin ba ni amsa, kafin ki ƙare amsar ni ma na tare ki. Bakina kika ɗauko, ban isa in yi musu ba. Ita takarda ba a katse ta, saboda haka ki samu wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, ko da a tsakiya kin ji kamar ki ninke ta ki ajiye.

Zan fara da godiya, don ita ce ta fi yawa a raina. Ke kika lura Babanki yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ke kika ga ɗan ciwon da ke yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa, wanda ni da nake tare da shi kullum na ɗauka takalmi ne ya matse shi. Kika tsaya kai da fata sai da aka je asibiti aka gwada, aka ce ciwon suga ne, kika kawo na'urar gwaji gida, kika zauna kika koya mini abin da zan dafa da abin da zan rage. Da ba don Allah Ya ba mu ke ba, da har yau muna shafa wa ƙafar nan man zafi muna cewa za ta warke. Na gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da 'yata ta zama likita, na kuma gode miki. Ki riƙe wannan da kyau kafin ki karanta sauran.

Sauran kuwa kin san shi, maganar ranar Asabar ɗin nan ce. Babanki yana zaure da Alhaji Sule, maƙwabcin rumfarsa a kasuwar Muda Lawal, da sauran abokansa, an kawo musu masa da zuma kamar yadda suka saba tun ba a haife ki ba. Kika shigo daga waje, kika ga farantin a gabansa, kika sunkuya kika ɗauke shi, kika ce, "Baba, so kake a yanke maka ƙafa?" Alhaji Sule ya tuntsire da dariya ya ce, "Malam, ka haifi hukuma a gidanka!" Kowa ya yi dariya, Babanki ma ya yi. Ke kika ɗauka magana ta wuce.

Ba ta wuce ba, Ummi. Sunan mahaifiyarsa gare ki, shi ya sa tun ranar sunanki bai taɓa kiranki da komai ba sai Uwata. Daga wannan Asabar har ranar da kika hau mota, kin ji ya faɗa? Sai "ke", sai "yarinyar nan". Na'urar ya ɗora ta can saman kwaba inda hannuna ba ya kaiwa. Abincin da nake dafa masa yana ɗan taɓawa ya ture, kuma ba sai an gaya mini ba, na san a kasuwa yake cin masarsa, don ina ganin maiƙon a bakin aljihun rigarsa. Kika tafi kuna gaisuwar baƙi, ke kina ganin ya ƙi jin gaskiya, shi yana ganin abin da yake gani. Abin da nake tsoro shi ne ƙafar nan, da kuma kada wannan shirun ya zauna tsakaninku ya zama hali.

Ba faɗa zan yi miki ba, don ba ni da bakin yi. Bari in ba ki labarin tabon da ke hannun maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, wanda tun kina ƙarama kike tambaya ana ce miki mai ne ya zuba mata. Mai ne, amma da bakina a ciki.

Ina amarya a gidan nan, ita kuma tana tuyar ƙosai a ƙofar gidansu da ke jikin namu, sai ga wani mutum daga garinsu, can Bogoro, ya yi sallama a ƙofarmu bisa kuskure. Ya ce mini mahaifiyarta ce ta rasu, a taimaka a kai shi wurin mijinta. Ni kuwa ban tsaya neman mijin ba, na fita da gudu ko mayafi ban yafa daidai ba. Na same ta ta ɗaga kasko za ta juye mai, na ce, "Maman Rifkatu, mamarki ta rasu!" Abin da ya biyo baya shi ne tabon da kika sani. A raina taimako na yi, ban yi ƙarya ba, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Kakarki Hajiya Inna, Allah Ya ji ƙanta, ba ta ce mini uffan ba a ranar. Ita ce ta riƙa wanke ƙunar tana sa magani har ta warke. Kin san a unguwar nan ita ake aikawa idan an yi rasuwa ana son a sanar da mace, kamar yadda yanzu ni ake aikawa. Bayan wani lokaci aka zo mata da irin wannan aike, wata mata ce mijinta direba ya yi haɗari a hanya. Hajiya ta ɗauki mayafinta ta ce, "Taso ki raka ni, ƙafata na ciwo." Ƙafarta lafiyarta ƙalau.

Muka tarar da matar tana yanka alayyafo. Hajiya ta gaishe ta a natse, ta tambayi yara, ta ce a ba ta ruwa ta sha. Ta ce, "Kawo in taya ki, hannuna ya gaji da zaman banza." Ta karɓi wuƙar ta miƙo mini ta baya. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyar matar, wai ta zo su gaisa. Sai da matar ta zauna a tabarma, ga mutum a gefenta, sannan Hajiya ta ce an aiko, motar su Malam ta samu matsala a hanya. Ta yi shiru tana kallonta. Can ta ce jikin nasa ya yi tsanani. Ta sake yin shiru. Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, da bakinta ta ce, "Ya rasu ko, Hajiya?" Hajiya ta riƙe hannuwanta biyu ta ce, "Sai haƙuri, 'yata. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma."

A hanyar dawowa, da yake bakina ba ya zama, na ce, "Hajiya, ai kin ja mata rai, da kin faɗa kawai ta huta." Ta ce, "Me na ɓoye mata? Jira na yi ta zauna." Ta ɗan yi gaba ta ƙara da cewa, "Idan kin shiga, ki fara duba abin da ke hannun mutum, sannan ki duba wa ke kusa da shi. Maganar ba gudu za ta yi ba." Iyakar karatun da ta yi mini ke nan, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambata kaskon nan ba. Kullum na tuna sai in yi mata addu'a, don da ta kunyata ni a ranar, da na kafe ina kare kaina, ban koyi komai ba.

Ke yanzu aikinki ke nan, Ummi. Kullum za ki riƙa shiga wurin mutane da labarin da ba sa so. Ban ce ki rage gaskiya ba, ban ce ki yi wa marar lafiya daɗin baki ki bar shi ya mutu da ciwonsa ba. Amma ki duba ko a tsaye yake, ki duba wa ke saurare, ki duba ko yau zai iya ɗaukar duka ko sai an raba masa biyu. Dattijo a gaban abokansa daban yake da dattijo a ɗakinsa. Abin da ke hannun Babanki ranar nan ba faranti kaɗai ba ne, har da girmansa a idon mutanen da suke cin abinci tare tun suna samari.

Ita kuwa Maman Rifkatu, da na je ba ta haƙuri ina kuka kamar ni aka ƙona, sai ta ce mini da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Malama, ka bar kuka. Ni na ji muryarka yana rawa. Tsoro ne ya kawo ka da gudu, ba mugunta ba." Dubi wannan mata, ga rashin uwa, ga hannu a ɗaure, amma ta samu sararin duba abin da ke cikin zuciyata. Ita ce ta fara nuna mini wani abu game da kaina da ban sani ba: ni idan na tsorata, bakina ne ke yin kaifi. Ba na kuka, ba na ɓuya, sai in yi magana da ƙarfi da sauri, mutane su ɗauka faɗa ne. Tun da na gane haka, in na ji ƙirjina ya ɗau zafi, harshena yana ƙaiƙayi, nakan tambayi kaina, "Fushi kike ko tsoro?" Sau da yawa tsoro ne. Kuma da zarar na kira shi da sunansa sai ya ragu, in samu damar zaɓen kalma.

Kada ki ɗauka daga nan na shiryu. Lokacin da nake koyarwa a firamare, shugabarmu ta sa 'yan aji ɗaya a ɗakin da rufinsa ya yaye, manya kuma a mai kyau. Na miƙe a taron malamai, gaban kowa, na zayyana mata kuskurenta tun daga farko har ƙarshe. Kowa ya san ni ke da gaskiya, har ana taɓa ni ta ƙarƙashin tebur ana jinjina mini. Na koma gida ina jin kaina. Sakamakon? Ta kafe, don in ta canja ya zama ni na juya ta, yaran nan suka ci gaba da zama cikin rana. Daga baya wata abokiyar aikina, mai sanyin magana, ta shiga ofishinta ita kaɗai, ta gaishe ta, ta tambayi jikin ɗanta da ke kwance, ta ce, "Hajiya, shawara na zo nema a kan 'yan ƙananan nan." Ba a rufa mako ba aka sauya musu ɗaki. Ni na samu tafi, ita ta samu rufi, kuma rufin muke nema tun farko. Da aka tashi ba da muƙami ita aka ba, na ji haushi a lokacin, yanzu kuwa na san an yi daidai.

Saboda haka a asibitin nan za ki tarar da nas-nas da suka girme ni, da manyan likitoci masu jin kansu, da masu shara da masu gadi. Wata rana za ki ga babba ya yi kuskure. Kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki me kike so, a gyara, ko a san ke kika gano? In rai ne ke cikin haɗari, faɗi nan take, kowa ya ji haushi, wannan ba a jira. In kuwa abin zai iya jiran a keɓe, to keɓe shi. Ki gaida mutane da sunansu. In nas ta yi miki tsawa da safe, kafin ki rama ki tuna wataƙila a tsaye ta kwana. Ilimi kin samu, ba na shakka, amma mutane ba za su bari ki yi musu amfani da shi ba in kullum sai sun bar gabanki suna jin kansu ƙanana.

Akwai kuma naki ran, wanda ba wanda zai kula miki da shi a can. Da na gaji Hajiya a aiken nan na sanar da rasuwa, nakan je in yi komai a natse, a yaba mini, in dawo gida in sauke a kanku. Kin tuna ranar da na yi miki faɗa kamar zan cinye ki a kan kofin da kika bari a tsakar gida? Daga gidan makoki nake, kofi bai yi mini komai ba. Sai da na koyi biyawa ta wurin Maman Rifkatu in zauna a bencinta in ce, "Yau raina ba daɗi." Ba ta yi mini wa'azi, sai ta zuba mini kunu ta ci gaba da tuyarta, in na huce in shigo gida. Ke ma ki nemi benci irin wannan a Yola, mutum ɗaya mai riƙe magana ya isa. Za ki ga mutuwa, za ki ga wanda kika yi iya ƙoƙarinki a kansa ya tafi. Kada ki haɗiye ki ce ke likita ce. Ki yi alwala, ki yi kukanki in ya zo, ki ci abinci, ki kira ni. Kuma kada ki yanke wata muhimmiyar shawara da yunwa, ke da Babanki duk ba ku da kyau da yunwa.

Yanzu bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Baffanki Ado, yayan Babanki, da sanda kika san shi, kin kuma san suga ce ta ci ƙafarsa. Kina goye lokacin. Ranar da aka yi masa aikin, Babanki aka miƙa wa ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, don a kai a binne kamar yadda addini ya ce. Shi kaɗai ya je maƙabarta da ita. Ya dawo ya zauna a zauren nan, a daidai inda kika same shi da farantin masa, ya kasa shigowa cikin gida har rana ta faɗi. Bai taɓa ba kowa labarin ba, ni ma a wurin Hajiya na ji. Tun ranar da aka ce masa yana da suga, wannan ƙyallen yake gani. Ba taurin kai ne ya sa yake cin masa da abokansa ba, so yake ya zauna cikinsu ya ji shi lafiyayye ne kamar kowa, ko na ɗan lokaci. Sai ga Uwarsa ta shigo ta faɗi abin da ya fi tsoro a duniya, da ƙarfi, aka yi dariya.

Ke ma na gan ki. Ina tsaye a bakin ƙofar tsakar gida lokacin da kika wuce ni da farantin, zuma na zuba a ƙasa ba ki ko lura ba. Kin ga irin ƙafafun nan a asibiti, kin san ƙarshensu fiye da mu duka. Tsoro ne ya kawo ki da gudu, ba rashin kunya ba. Ku biyu abu ɗaya kuke tsoro, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana tsoronsa shi kaɗai.

Ban ce masa komai ba, na yi irin ta Hajiya, na jira ya zauna. Washegarin tafiyarki da safe, ya shirya zai fita kasuwa, har ya sa hula, sai na ga ya tsaya a ƙofar ɗakinki yana kallon katifar da kika naɗe. Ya dawo ya jawo kujera ya taka, ya sauko da na'urar daga saman kwaba, ya hure ƙurar da ke kanta. Ya ce, "Wannan abin, ta ina ake soka shi?" Na nuna masa yadda kika koya mini. Ya runtse ido kamar za a yi masa kaciya, dattijo da furfurarsa, na danne dariyata da ƙyar. Lamba ta fito, ta haura inda kika ce kada ta wuce. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Kada ki gaya mata." Na ce to. Ya kai bakin zaure ya juyo ya ce, "Uwar tawa ta ce ta samu ɗaki mai kyau kuwa? Akwai gidan sauro?"

Ga shi na gaya miki, Allah Ya yafe mini, wannan alkawarin ban yi niyyar cika shi ba tun da na ɗauka.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. Ki kira shi bayan la'asar, lokacin ya ci abinci, kasuwa ta lafa, Alhaji Sule ya tafi masallaci bai dawo ba. Kada ki tambayi lamba, kada ki tambayi ƙafa, kada ki ce me ya ci. Ki tambaye shi gonarsa ta Gubi, ko masarar ta yi. Ki gaya masa abu ɗaya da ya ba ki tsoro a sabon wurin nan, ki nemi shawararsa, don ya tuna har yanzu shi uba ne ba marar lafiya kaɗai ba. In kin ji zuciyarki ta ba ki, ki ce, "Baba, ranar nan tsoro na ji." Ba sai kin ƙara komai ba. Sannan ki yi abin da ya fi mana wuya ni da ke, ki yi shiru. Zai yi gyaran murya, zai yi zancen farashin gero, zai kewaya ya kewaya. Ki bar shi. Da bakinsa zai kawo miki lambar.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane da na harshenki, wanda na san daga inda kika samo shi. Allah Ya ji ƙan Hajiya da Baffanki Ado, Ya ba Babanki lafiya, Ya bar masa ƙafafunsa biyu ya taka zuwa tasha ya tarbe ki ranar da za ki dawo. Maman Rifkatu tana gaishe ki, ita ta daka yajin, ta ce kada ki ba kowa.

Wayarsa tana aljihun gaba yanzu, ba ya barinta a rumfa kamar da. Jiya sau biyu ina ganinsa yana ciro ta ya duba ko ta mutu.

Wassalam,
Mamanki.